Aure a Arlit, biza a wata ƙasa

Duk mai takardar zama ɗan ƙasar Faransa, Bature ne da aikin uranium ya taɓa kawowa Arlit ko kuwa ɗan gari, in ya tashi ɗaukar matarsa zuwa can, fatiha da sadaki kaɗai ba su isar wa hukuma. Sai an ɗaura auren gaban magajin gari, an kuma shigar da shi cikin kundin hukumomin Faransa, sannan matar ta nemi bizar dogon zama.

A da, tafiyar kilomita wajen 1200 ce zuwa Yamai. A watan Janairun 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta, aikin ya koma hannun ofisoshinta na ƙasashen yankin. Wanda ya yi sakaci da takardun nan, shi zai tafi, iyali su zauna jira.