Kowane Yaro da Allonsa

Boɗinga da Shagari garuruwa ne a Jihar Sakkwato, kudu maso yamma da birnin Sakkwato. Ƙasa ce da ta daɗe da karatu. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. A Shagari kuwa aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925. Da karatun allo ya fara, sa'an nan ya shiga elementare a Yabo, har ya zama Shugaban Ƙasa a 1979.

Makarantar allo ba ta bukatar gini. Inuwar itace ko zaure ya isa, yaran gari kuwa in an tashi sai su koma gida. Kayan karatun daga daji da gona ake samunsu. Da itacen aduwa ake sassaƙa allo. Da gamba ake fiƙe alƙalami. Tawada kuma da gawayi da ƙaro ake haɗa ta. Saboda haka yaro yakan san itatuwa da ciyayi da amfaninsu tun yana ƙarami.

Babban abin lura shi ne, kowane yaro da allonsa. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya kusa sauka. Malam yakan biya wa kowa nasa. In yaro ya iya, sai ya wanke allon, a yi masa ƙari. Mai saurin ganewa ba ya jiran kowa, mai nawa kuwa ba a barinsa a baya.

A Turai ma an gane amfanin wannan hanya. A 1907 wata likita, Mariya Montessori, ta buɗe makaranta a birnin Rum ta ƙasar Italiya. Ta bar kowane yaro ya zaɓi aikinsa, ya yi shi gwargwadon ƙarfinsa. Ta kuma so yara su riƙa shuka, suna kiwon ƙananan dabbobi. Yanzu akwai makarantu irin nata a ƙasashe da yawa, har da Nijeriya.

To, yaron da karatu ke yi wa wuya kada ya karai, mai kaifin kai kuma kada ya yi masa dariya. Gero da dawa ba rana ɗaya suke nuna ba, amma duka rumbu ake kai su.

Tambayoyi
1. Da me ake haɗa tawada?
2. Yaushe yaro ke wanke allonsa?
3. A wane birni Montessori ta buɗe makarantarta?