Malamin Da Ya Bar Gida: Labarin Alhaji Umaru Na Karaci Da Nasiha Ga Masu Niyyar Tafiya

Muna farawa da sunan Allah, muna salati ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malaman allo na ƙasar Karaye da Rogo, kun sani a kowace shekara in an kawar da amfanin gona, akan sami waɗansu matasan alarammomi da ake kira su tafi karantarwa a zangunan Kumasi da Ankara da Tamale. Waɗansu su zauna su yi albarka, waɗansu kuwa kafin shekara ta kewayo sun komo da ɓacin rai. To, domin mai niyya ya san abin da ke gabansa, ga labarin wanda ya riga mu bin wannan tafarki.

Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano wajen shekara ta 1858. Mahaifinsa Bakabe ne, mai fataucin goro zuwa Gwanja. Da Umaru ya ƙoshi da karatu a ƙasar Hausa, sai ya bi hanyar fatake har Salaga, babbar kasuwar goro ta wancan zamani. A 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin sarakunan Gwanja, garin ya watse, baƙi suka bazu. Umaru bai juyo gida ba, ya gangara Kete-Karaci a bakin kogin Bolta, ya shimfiɗa buzunsa, ya sāke tara almajirai, har ya zama limamin garin.

Ku dubi irin wurin da ya sauka. Mutanen ƙasar ba Musulmi ba ne, suna da tsafinsu mai suna Dente wanda ake zuwa wurinsa daga nesa. Harshe dabam, abinci dabam, doya a maimakon dawa da gero. Mulki kuma ya sauya a kansa: Jamusawa suka riƙe ƙasar, sa'an nan a 1914 Ingilishi suka karɓe ta. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da rushewar Salaga, da talauci da wadata. Ya rubuta wa Bajamushe Mischlich labarun ƙasar Hausa da sana'o'inta da ajami, waɗanda masana tarihi ke dogara da su har yau. Ya rasu a Karaci a 1934.

Abin lura na farko shi ne sha'anin abinci. Malami a Karaye ko Rogo yana da gonarsa, almajirai na taya shi noma, ga zakkar hatsi, ga kuɗin Laraba. A baƙon wuri babu gona, sai abin da iyayen yara suka kawo da abin da mai masauki ya yi. Saboda haka wajibi ne a yi magana a fili tun kafin a ɗaura kaya: ina ɗaki, ina makaranta, wa zai ɗauki nauyi. Kunyar tambaya a gida ita ke haifar da roƙo a waje, roƙo kuwa yana zubar da girman malami.

Na biyu, harshe. Yaran zango suna jin Hausa, amma tasu ba ta rarrabe namiji da mace kamar tamu, kuma ta gauraya da harsunan ƙasar. Wanda ya mai da wannan abin dariya ya rufe wa kansa ƙofa. Haka kuma mu nan da ruwayar Warshu muka tashi, can kuwa zai tarar da masu karatu da Hafsu, duka biyu ingantattu ne, kada ya ce wa kowa ya yi kure.

Na uku, akwai malamai a wurin tun kafin ya zo. Ya fara gaishe su, ya gai da Sarkin Zango, kada ya nemi limanci ko gaban sahu. Baƙo raɓa ne, in ya daɗe da kyakkyawan hali shi ake mayarwa ɗan gari.

Na huɗu, takardun hukuma. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙin da ba su da izinin zama, Hausawa da yawa suka baro gidaje da dukiya. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba da damar shiga ta kwana 90 kawai, wanda zai zauna sai ya nemi izini.

Amma fa ladan yana da yawa. Tsohon garin Kete-Karaci ruwa ya cinye shi bayan an gina madatsar Akosombo a 1965, har aka ta da mutane zuwa sabon wuri. Ilmin Alhaji Umaru kuwa bai nutse ba, domin almajiransa sun bazu cikin zangunan Gana, malamai da yawa a can suna kai salsalar karatunsu gare shi.

Wanda zai tafi ya nemi yardar iyayensa da malaminsa, ya bar wa iyalinsa abin da za su ci, ya kuma gyara niyyarsa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya sa karatu ya amfane mu, amin. Haza wassalam.