Saƙar Layuka: Ka'idojin Kwashe Tsohon Kaset Zuwa Faifan DVD

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai kaset-kaset na bidiyo da aka ɗauka a shekarun 1980 da 1990, na ɗaurin aure da suna da saukar Alƙur'ani da tarbar alhazai, waɗanda zafi da ƙura da danshin damina suke ci a hankali. Kuma da yake na'urar VHS, wadda kamfanin JVC na Japan ya fito da ita a 1976, ta yi wuyar samu, sai jama'a suka duƙufa ga kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, daga nan zuwa faifan DVD. To amma sau da yawa, da mai aikin ya buɗe hoton a kwamfuta, sai ya tarar duk abin da ke motsi, hannun makaɗi ne ko jelar rawanin ango, ya tsattsage kamar haƙoran matsefi, alhali bango da kujeru suna nan lafiya lau. Nan take sai ya yanke hukunci cewa kaset ya lalace, ya shiga neman magani, kuma galibi maganin nan ne yake haddasa ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Haƙiƙanin al'amari, wannan ba aibi ba ne, ɗabi'ar bidiyon wancan zamani ce. Masana talabijin na shekarun 1930, da suka ga hanyar aika hoto ta iska ba za ta ɗauki cikakkun hotuna masu yawa ba, kuma idan aka taƙaita su allo yana ƙifce-ƙifce, sai suka yi hikimar raba kowane hoto gida biyu: a aika layi na 1 da na 3 da na 5 har ƙasa, sa'an nan a koma a cike gurabe da na 2 da na 4 da na 6, wannan ita ce saƙar layuka. A tsarin PAL na Nijeriya da Gana, da SECAM na Nijar, layuka 625 ne, ana ganin 576, kuma rabi 50 ke wucewa a kowane sakan. A tsarin NTSC na Amurka layuka 525 ne, rabi kusan 60. Abin la'akari shi ne, rabin farko da na biyu ba a lokaci ɗaya kyamara ta ɗauke su ba. Tsohuwar talabijin mai doro tana nuna su bi da bi, ido ya haɗa su. Ita kuwa kwamfuta tana ɗora su a lokaci guda, saboda haka hannun da ya riga ya gusa tsakanin rabi da rabi sai ya bayyana a wuri biyu.

Ka'ida ta farko ke nan: wanda nufinsa DVD ne, ya bar saƙar yadda take, domin faifan, mai hoto 720 a 576 a tsarin MPEG-2, an yi shi ne ya karɓi irin wannan bidiyo, kuma na'ura da talabijin sun san yadda za su yi da shi. Sharaɗi ɗaya ne tilas, wato kiyaye tartibin rabin da ke farawa. Kyamarar MiniDV tana fara ajiye rabin ƙasa, wato mai layi na 2 da na 4 da na 6, yawancin na'urorin kwashe VHS kuwa rabin sama suke farawa da shi. Idan aka gaya wa manhaja akasin gaskiya, sai ta gabatar da abin da ya kamata a jinkirta, a ga mai tafiya yana yin gaba yana komawa baya, hoto yana karkarwa har ido ya gaji. Manhajar MediaInfo tana bayyana tartibin da aka rubuta a fayil, amma hujja mafi ƙarfi ita ce a buga minti biyu mai yawan motsi a faifan gwaji, a kalla a talabijin, domin allon kwamfuta yakan ɓoye wannan illa.

Ka'ida ta biyu ta shafi tacewa. Yanke abin da ba a so, da gyaran sauti, da daidaita launi, duk ba sa taɓa saƙa. Amma ƙara tsawon hoto ko rage shi, ko karkata shi, ko mayar da kaset ɗin da 'yan'uwa suka aiko daga Amurka zuwa PAL, waɗannan suna cakuɗa layukan rabi biyu, gefen mutum ya koma igiya-igiya, kuma babu manhajar da ke raba su bayan haka. Wajibi ne a warware saƙa tukuna, sa'an nan a taɓa girman hoto.

Warwarewar kuma darajoji ce. Mafi ƙasƙanci shi ne a jefar da rabi ɗaya, wanda ke zubar da rabin layuka. Na biye da shi a narkar da biyun wuri guda, kowane mai motsi ya sami inuwa tana bin sa. Mafifici shi ne a mayar da kowane rabi cikakken hoto, a sami 50 a sakan, motsi ya tsaya yadda aka ɗauke shi. Yadif, mai warware saƙa da ke cikin manhajojin FFmpeg da HandBrake, yana yin haka da sauri, QTGMC ya fi shi kyau ga mai haƙurin jira. Wannan shi ya dace da waya da intanet, amma DVD ba ya ɗaukar cikakkun hotuna 50.

Daga ƙarshe, ya kamata mai kaset ya sharɗanta wa mai shagon da zai kwashe masa ya ba shi fayil na asali, wanda ba a warware ba kuma ba a matse ba, ya adana shi a wuri biyu, kada kuma ya yar da kaset ɗin. Faifai kwafi ne da aka rage wa nauyi, yana karcewa, yana lalacewa. Matuƙar asali yana hannu, duk kuskuren da aka yi yau ana iya sake aikin gobe.