Ɓarnar gona da ɗaukar makami: abin da doka ta tanada

A ƙarshen watan Oktoba na 1991, lokacin da babban taron ƙasa ke gab da rufewa a Yamai, rikici ya ɓarke tsakanin manoma da makiyaya a Toda, cikin yankin Gidan Rumji. An kashe mutane fiye da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. Har yanzu sunan Toda ake ambata a jihar Maraɗi idan ana gargaɗi a kan ɗaukar doka a hannu.

Mafarin rikicin

A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji jama'a ta yi yawa, gonaki sun cinye dazuzzukan kiwo, wasu burtaloli kuma sun tsuke. Da kaka garkuna suna gangarowa daga arewa zuwa kudu, alhali wasu manoma ba su gama kwashe wake da dawa ba. Idan shanu suka faɗa gona, mai gona yakan ga kamar an taka masa mutunci a cikin gidansa, sai ya yi kururuwa, maƙwabta su fito da adduna da kwari da baka. Daga nan ɓarnar damin hatsi kaɗan takan zama asarar rayuka.

Hanyar da doka ta shimfiɗa

Bayan abin da ya faru a Toda, an kafa dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye a gunduma, da ƙaramar hukuma, da ƙauye. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da haƙƙin makiyaya na yin ƙaura da dabbobinsu, ta kuma hana noma burtali. Hukuma ce ke tsai da ranar sakin gonaki kowace shekara.

Wanda aka yi wa ɓarna, ga abin da ya kamata ya yi:

1. Ya kafa shaidu, kada ya doki makiyayi, kada ya sari dabba.
2. Ya sanar da mai gari ko sarki, domin a zo a ƙiyasta ɓarnar tun sawu bai ɓace ba.
3. A zauna sulhu tare da wakilan manoma da na makiyaya, a rubuta takardar abin da aka shirya.
4. Idan sulhu ya gagara, a rubuta takardar rashin jituwa, a tafi da ita gaban alƙali.

Idan jini ya zuba

Sarakuna suna da ikon sasanta ɓarna da biyan diyyarta, amma rauni da kisa da ƙona bukkoki laifuka ne da ke hannun jandarma da kotu. Yafewar dangi ba ta tsai da shari'a. Doka ta yarda mutum ya kare kansa ko waninsa, muddin harin yana aukuwa a wannan lokaci, kuma kariyar ba ta wuce girman harin ba. Wanda ya bi sawun garke washegari, ko ya tara mutane suka auka wa ruga, ramuwa ya yi, ba kariya ba. Wanda ya zuga da wanda ya ba da makami ana tuhumarsu tare da wanda ya yi sara. Haka hukuncin yake ga makiyayin da ya zare takobi a kan mai gona.

A watan Nuwamba na 2016 irin wannan faɗa ya halaka mutum 18 a Bangi, cikin jihar Tawa, shekaru 25 bayan Toda. Saboda haka wajibi ne kowane ƙauye ya san membobin kwamitinsa, ya san iyakar burtalinsa tun kafin kaka. Hatsin da aka ɓarnata ana iya biyansa kafin damina ta zagayo. Magidancin da ya shiga gidan kaso kuwa, wani ne zai nome gonar da ya yi faɗa dominta.