Ɗaurin talala ga yara: me doka ta tanada?

A watan Nuwamban 2024, yara da aka kama kan zanga-zangar tsadar rayuwa sun yanke jiki sun faɗi a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bayan shafe watanni a tsare. Doka ba ta ɗauki tsarewa a matsayin matakin farko ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, kuma kotun iyali ce ke sauraron shari'arsa. Ita da Ƙa'idojin Beijing na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1985 sun amince cewa ba a tsare yaro sai babu makawa, kuma na ɗan lokaci kaɗan.

A nan ne ɗaurin talala ke shigowa. Kotu kan mayar da yaro hannun iyayensa bisa sharuɗɗa, kamar zuwa makaranta ko koyon sana'a, tare da jami'in da zai riƙa sa masa ido. Kafin hukunci, ana binciken halin gidansu da karatunsa, domin matakin ya dace da laifin da kuma yanayin yaron. Idan ya karya sharaɗi, sai a mayar da shi gaban alƙali.

Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta kafa sashen hukunci ba tare da tsarewa ba. Tambayar da ya kamata matasa su yi wa gwamnoninsu ita ce: jami'ai nawa ke wannan aiki, kuma nawa aka ware musu a kasafin kuɗi?