Shingen Kuromatin da Iyakokin Ƙwayoyin Gado a Jikin Ƙudan 'Ya'yan Itace

A cikin kowace ƙwayar halitta ta ƙudan 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster, zaren DNA yana naɗe ne a jikin furotin, kuma wannan haɗin shi ake kira kuromatin. Sau da yawa ƙwayar gado ba ta fara aiki sai wani yanki na zaren mai suna mazugi ya zaburar da mafarinta, wato gurbin da ake soma karanta saƙonta. Da yake mazugi na iya yin tasiri daga nesa, ana buƙatar abin da zai hana shi tayar da ƙwayar da ba tasa ba, kamar yadda shinge ke raba gonar mutum da ta maƙwabcinsa. Wannan shi ne aikin shingen kuromatin: ba ya kunna ƙwayar gado, ba ya kashe ta, sai dai ya ƙayyade wane mazugi ne zai kai gare ta.

A shekarar 1985 Andor Udvardy da Paul Schedl da abokiyar aikinsu suka gano yankuna biyu, scs da scs', da suka sa ƙwayoyin gadon jure zafi a tsakiya, sannan a 1991 Rebecca Kellum da Schedl suka nuna cewa ƙwayar gadon da aka killace da su tana aiki daidai ko da an sauya mata mazauni. Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne na gypsy, wani guntun DNA mai ƙaura, wanda ke ɗauke da gurabe 12 da furotin Su(Hw) ke kamawa. Idan gypsy ya faɗa tsakanin mafarin ƙwayar yellow, mai sa jiki ya yi duhu, da mazugan fiffike da na gangar jiki, sai waɗannan sassa su koma rawaya, amma gashin ƙudan ya ci gaba da zama baƙi, saboda mazugin gashi yana ɗaya ɓangaren da shingen bai tare ba. Pamela Geyer da Victor Corces ne suka fayyace wannan a 1992.

Haka kuma, a rukunin bithorax, wanda ke tsara sassan bayan ƙudan, shingen Fab-7 ne ke raba yankunan da ke sarrafa ƙwayar Abd-B, kuma idan aka cire shi, kashi na shida na ciki kan rikiɗe ya ɗauki siffar na bakwai. A 2001 an gano cewa shingayen gypsy biyu a jere sukan manne da juna, zaren ya lanƙwasa, mazugi ya tsallake su, abin da ya nuna cewa aikin shinge ya dogara ne da yadda yake naɗe zaren. Ɗaya daga cikin furotin ɗin da ke wannan aiki a ƙuda, CTCF, yana nan a jikin ɗan Adam, shi ya sa binciken ƙudan ke taimakawa wajen fahimtar tsarin gadon mutum.