Tsofaffin 'yan tsana: Yadda ake gane na shekarun 1950 da 1960 kafin a zubar ko a sayar

Idan dattijuwa ta rasu a Kazaure ko Roni, aka share makoki aka zo rabon gado, abin da ake sa wa ido a ɗakinta sananne ne: zinari idan akwai, tasoshi da kwanukan jere, zannuwan da ke cikin adudu, sai gado da katifa. Wani lokaci a can ƙasan akwatin ƙarfe akan tarar da 'yar tsana a naɗe cikin tsumma, wadda marigayiyar ta goya tun tana 'yar shekara shida. Ba mai sa ta a lissafi. Ko dai a miƙa wa jika ta ƙarasa ta cikin kwana biyu, ko a haɗa ta da shara.

A Turai da Amurka da Japan kuwa, tara 'yan tsanan da aka yi tsakanin 1945 da 1970 harka ce mai kasuwarta, da ƙungiyoyinta, da gidajen tarihi da ke baje kolinsu. Intanet ta kawo labarin wannan kasuwa har cikin wayoyin mutane, sai dai ta kawo shi da ƙari. Hakan ya sa ake tafka asara iri biyu: wani ya zubar da abin tarihi don bai san shi ba, wani kuma ya zuba kuɗi a kan robar gwanjo yana zaton ya tsinci dami a kala. Maganin duka biyun shi ne sanin yadda ake tantancewa.

Yadda suka shigo yankin

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa duk suna cikin Jihar Kano, kafin nan kuma Lardin Kano. A shekarun 1950 da 1960 gyaɗa ce ke kawo kuɗi, kuma idan kaka ta yi kyau, magidanci kan shiga birni ya yi sayayya. Manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis da UTC da Chellarams suna sayar da kayan Turai a Kano, 'yan koli kuma suna sarin masu araha daga kasuwar Sabon Gari da ta Kurmi su bi da su kasuwannin ƙauye. Ta waɗannan hanyoyi, da kuma tsarabar alhazai da ta ma'aikatan En'e, 'yar tsanar kanti ta isa gidajen da a da ba su san wata ba sai ta hannu.

Babura tana da wata ƙofar ta daban, domin tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, kusa da Magarya. Nijar ta kasance ƙarƙashin Faransa har 1960, don haka ba abin mamaki ba ne a ci karo da kayan kamfanonin Faransa a gidajen da ke da dangi ko ciniki a ƙasar Damagaram.

Mataki na farko: Da me aka yi ta?

Masana harkar sukan fara da jikin 'yar tsana, saboda kowane zamani da abin da masana'antu suka yi amfani da shi.

Akwai wadda aka yi da garin katako da gam, aka matse a mazubi, aka shafa fenti. Tana da ɗan nauyi, kuma idan ta tsufa fentinta kan yi tsattsage siri-siri kamar tsohon daɓe. An daina yayinta zuwa ƙarshen shekarun 1940.

Akwai ta seluloyid, wata roba ce ta farko-farko. Ba ta da nauyi ko kaɗan, jikinta siriri ne kamar ɓawon ƙwai, tana loɓawa idan an danna, kuma idan aka murza ta da yatsa har ta yi ɗumi takan fitar da ƙanshin kafur. Wuta na kama ta nan take, dalilin da ya sa masana'antu suka yi ta barin ta ke nan daga shekarun 1950.

Sai roba mai tauri, wadda ta yi tashe daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa tsakiyar 1950. Ana ganin layin haɗi a gefen kai da hannuwa, gashin kuma ko dai zane ne a jikin robar ko an manna shi da gam. Da yawansu suna lumshe ido idan an kwantar da su.

Daga tsakiyar shekarun 1950 roba mai laushi ta karɓe kasuwa. Alamarta ita ce gashin da aka dasa cikin ƙananan huji a fatar kai. Da yake har gobe da ita ake aiki, laushin jiki shi kaɗai ba ya nuna tsufa.

Mataki na biyu: Tambari da rubutu

Ana duba ƙeya, da gadon baya, da tafin ƙafa. Kamfanonin Ingila da aka fi sani a lokacin su ne Pedigree da Rosebud da Roddy da Palitoy, kuma sukan buga sunansu a jiki. Hoton kunkuru a cikin zane mai kusurwa huɗu tambarin kamfanin Schildkröt ne na Jamus. Kan gaggafa na Petitcollin ne na Faransa.

Sunan ƙasa ma yana faɗar zamani. Rubutun "Made in Occupied Japan" na tsakanin 1947 ne da 1952, lokacin da Japan ke ƙarƙashin mamayar sojojin ƙawance bayan Yaƙin Duniya na Biyu. "Western Germany" ko "West Germany" na tsakanin 1949 ne da 1990. "Empire Made" kuwa yawanci kayan Hong Kong ne na shekarun 1950 da 1960, masu arahar da suka fi yawa a hannun 'yan koli. Idan kwalin ko takardar farashi ta tsira, kuma kuɗin da ke jiki sule ne da kwabo na lissafin fam, to an sayar da ita kafin ranar 1 ga Janairun 1973, ranar da Naira ta fara aiki.

Akwai kuma alamun da ke tona asirin sabuwa. Tambarin CE bai hau kayan wasan yara ba sai wajen 1990. Duk 'yar tsanar da ke ɗauke da shi ba ta zamanin Sardauna ba ce, komai dattin da ke jikinta.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na Barbie. Kamfanin Mattel na Amurka ya fito da ita ranar 9 ga Maris na 1959, kuma na farko-farkon a Japan aka yi su. Miliyoyin Barbie suna ɗauke da lambar 1966 a ƙugu, amma wannan shekarar rajistar fasalin jikin ce, an kuma ci gaba da buga ta shekaru da dama bayan nan. Wadda aka rubuta wa 1966 tare da sunan China ko Indonesiya ko Maleshiya ta baya-bayan nan ce, irin wadda ke cike a dilolin gwanjo. Ta 1959 ta ainihi tana da huji a tafin kowace ƙafa da ɗan bututun tagulla a ciki, ƙwayar idonta kuma fara ce.

Afirka ta Yamma ma tana da tata ta masana'anta. Clonette, 'yar yarinyar roba mai launi ɗaya, riƙe da zomo, wadda ke ƙara idan an matsa ta, ana danganta asalinta da Ghana a shekarun 1950. A ƙasar Yarabawa, manazarciya Marilyn Houlberg ta rubuta a 1973 cewa wasu iyayen tagwaye sun koma amfani da 'yan tsanan roba a madadin sassaƙen da aka saba yi wa tagwayen da suka rasu. Har yanzu ana yin sababbin Clonette, don haka ita ma sai an lura.

Ta hannu ita ce mai wuyar samu

Abin da mutane da yawa ba su ankara da shi ba shi ne, 'yar tsanar kanti an buga dubbanta, kuma masu tarawa a waje suna da irinta a cikin kwalinta, ba ƙwarzane ko ɗaya. Wadda ta sha goyo da rana a Gwiwa ba za ta yi gogayya da waɗannan a farashi ba. Wadda babu irinta a ko'ina ita ce ta gida: ta tsumma, ta karan dawa, ta totuwar masara, ta laka, ko ta ƙashi, wadda uwa ko kaka ko yarinyar da kanta ta haɗa.

Da irin waɗannan 'yan mata ke yin bikin 'yar tsana, inda ake kwaikwayon aure tun daga kai lefe har kai amarya, da jere, da suna. A nan yarinya ke fara koyon goyo da ɗaurin zane da zumunci. Saboda haka kowace ɗaya shaida ce ta yadda mata ke ado a zamaninta.

Ana kimanta shekarunta ta kayan da ke jikinta. Zaren da aka kaɗa da mazari kaurinsa ba ya zuwa daidai, ba kamar na kanti ba. Ɗinkin allura daban yake da na keke. Ƙyallen saƙi ko baƙin rini na karofi ya fi nuna tsufa a kan yadin roba mai sheƙi. Tsakiyar gilashi ta fi ta roba nauyi da sanyi a hannu. Idan an yi mata tudun gashi irin na doka, wannan ma manuniya ce. Sai dai ba a yanke hukunci da alama ɗaya, domin ana iya ɗaura tsohon ƙyalle a kan sabon kara.

Dabarar tsufar da sabon abu tsohuwa ce a kasuwar kayan tarihi. A littafinsa na 1994 kan cinikin kayan fasahar Afirka a Abidjan, inda fatake Hausawa ke cikin manyan dillalai, Christopher Steiner ya bayyana yadda ake sauya kamannin sabon sassaƙe don ya yi kama da tsoho. Tsufan gaskiya yana bin wuraren da hannu ke taɓawa: hanci, da yatsu, da cikin da ya gogu da bayan mai goyo. Tsufan hayaƙi da toka kuwa ko'ina yake bi daidai wa daida.

Addini da doka

Mai karatu na iya tambayar matsayin ajiye irin wannan. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), kuma da wannan ne malamai da dama suka keɓe kayan wasan yara daga hanin mutum-mutumi. Akwai saɓani kan masu cikakkiyar sura da kuma jera su don ado, don haka mai niyyar tarawa ya dace ya tuntuɓi malaminsa. Haka nan, abin da mamaci ya bari haƙƙin magada ne komai ƙanƙantarsa, ba a ɗauka sai da yardarsu.

Ta fuskar hukuma, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 suna cikin wannan rukuni, haka ma waɗanda aka yi amfani da su a bukukuwan al'ada idan suna da muhimmancin tarihi. Wanda ke shakka kan abin da ke hannunsa yana iya kai shi Gidan Makama a Kano a duba masa.

Yadda ake adanawa

Zafi ne babban abokin gaba. Ɗaki mai rufin kwano a bazara yana lanƙwasa roba, rana kuma tana kashe launi. A naɗe kowace ɗaya daban cikin farin ƙyallen auduga, kada a ƙulle ta a leda. A nisanta ta seluloyid daga murhu da fitila da kaskon turaren wuta. Idan ta roba mai tauri ta fara warin tsami, robar ce ke ruɓewa, sai a ware ta daga sauran. Ta kara da ta tsumma a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da ɓera. Kada a wanke, kada a sake fenti, kada a canja tufafin, domin gyara yana rage daraja. Kada kuma a ba ƙaramin yaro, saboda tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma.

Abu mafi muhimmanci ba ya cin ko sisi: a rubuta labarinta. Wace ce mai ita, a wane gari, wa ya yi mata ko ya sayo mata, a zamanin wane sarki, wane suna ta raɗa mata. A ɗauki hoton mai ita riƙe da ita, a naɗi muryarta a waya. Yarinyar da ke da shekara bakwai a ranar samun 'yancin kai a 1960 yau ta haura saba'in. Muddin tana raye, tambaya ɗaya ta isa a san abin da ke ƙasan akwatinta. Ranar da ta kau, tambarin ƙeya zai iya faɗar kamfani da ƙasa, amma ba zai faɗi sunan wadda ta goya ta ba.